Wayar da Ta Tsinke a Cikin Keken Shaho

Shaho ya faɗi ne a kwana ta uku ta gangaren bayan gari, da hantsi, ranar da ƙungiyar masu tseren keke take fidda mutum ɗaya da za ta tura horo ƙasar waje na shekara biyu. Shi ne a gaba. Waɗanda ke bin sa sun ce sun ga ya matse birkin baya amma keken bai ko rage gudu ba, sai ya cafki na gaba da ƙarfi, tayar baya ta ɗaga ta wurga shi kan bakin kwalbati. Aka kwashe shi zuwa asibiti bai san inda kansa yake ba, cinya a karye, kai a fashe.

Kafin azahar magana ta gama unguwa. Wayar birki ce ta tsinke, kuma kwana uku kacal da Bakanike, mai gyara wa ƙungiyar kekuna, ya sa ta sabuwa. Wasu suka ce tsohuwar waya ya wanke ya mayar. Wasu suka ce da gangan ya yi, don Dogo, wanda ya zo na ɗaya bayan faɗuwar Shaho, abokin hirarsa ne. Da la'asar mutane sun cika ƙofar shagonsa, ba mai ɗaga murya, amma an ga wani saurayi riƙe da galan ɗin fetur. Sufeto ya zo ya tafi da Bakanike da keken Shaho zuwa ofishinsu, ya ce ajiya ce ba kamu ba.

Yayar Bakanike ita ce matar Mai Sawu, dattijon da ya yi shekara talatin yana bi wa 'yan sanda sawun dabbobin sata da mutanen da suka ɓata. Ya ajiye aikin tun da gwiwarsa ta fara ciwo. Ta same shi yana zuba wa tantabarunsa ruwa, ta tsaya a kansa ta ce ƙanenta ba zai kwana biyu a can ba, in kuma idon da ya samo wa baƙi shanunsu ba zai yi wa ɗan ɗakinsu amfani ba, to ba ta san amfaninsa ba. Washegari da safe ya ɗauki sandarsa ya fita.

A ofishin 'yan sanda ya zagaya keken sau biyu yana kallo. Ba irin wanda ya sani ba ne. Wayoyi biyu sun taso daga hannun keken, suka shige wasu ƙananan ramuka a wuyansa, daga nan suka ɓace.

"Ni keken da na sani hanjinsa a waje yake," in ji shi. "Wannan ina nasa?"

Bakanike, wanda aka fito da shi idanu jajur, ya ce, "A ciki, Yaya. Ta cikin bututun jikinsa suke bi."

"Shi ya sa kuke ɓata aiki ba mai gani."

Da wata rana ce da Bakanike ya rama, don ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Yau bai ko yi murmushi ba. Ya kife keken ya nuna masa wani ɗan murfi a ƙasan wurin feda, wanda sukuru biyu suka riƙe. Ya ce nan kaɗai ne ake iya ganin wayoyin in sun shiga ciki. Ya yi bayanin yadda ya canza su: ba a zare tsohuwar waya haka kawai, sai an zura mata siririn bututun roba ya bi ta har ƙarshe, a zare ta a bar robar, sannan sabuwar ta bi ta cikin robar ta fito inda ya kamata. In aka yi gaggawa aka zare ba roba, sai mutum ya wuni da maganaɗisu yana lallaɓo bakin waya a cikin duhu. Ya rantse daga leda ya ciro duka biyun, ta birki da ta giya.

Mai Sawu ya sa ya buɗe murfin ya jawo guntun da ya tsinke. Ya kai shi bakin taga. Wayar zaren ƙarfe ce da yawa aka murɗe wuri ɗaya. Kaɗan daga ciki sun miƙe sun yi tsini, irin na abin da aka ja har ya rabu. Sauran, fiye da rabi, bakinsu a goge yake sumul.

Ya ce da Sufeto wannan ba tsufa ba ne, hannu ne. An ci wayar da magagari aka bar 'yan zare su riƙe ta, har sai an matse birki da gaske.

Ya ciro farin hankici ya goge giris ɗin da ke bakin wayar. Cikin baƙin man akwai wani gari mai ƙyalli, rawaya. Ya tambayi Bakanike ko akwai tagulla a wannan wurin na keken, ya ce babu. Ya ninke hankicin ya sa a aljihu. Sai ya tambaye shi su wa ke shagon ranar da ya yi aikin. Ya ce Shaho yana nan, Dogo ya leƙo, Koci mai horar da ƙungiyar ya zo ya duba. Har mahaifin Shaho ya zo ya ɗan zauna a benci yana tambayar wannan ta mece ce, waccan fa, abin da bai taɓa yi ba, har yaron ya ji daɗi. Bai jira an gama ba ya koma wurin sana'arsa.

Daga nan Mai Sawu ya wuce ɗakin ajiyar ƙungiyar, inda keken ya kwana biyu kafin tseren. Ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe a bayan filin wasa, kekuna a rataye jikin bango, ƙasa siminti da ƙura da ɗigon mai. Koci ya buɗe masa. Ya ce makulli biyu ne, ɗaya a hannunsa, ɗaya a wurin maigadi, kuma ba a fasa kwaɗon ba. Maigadin ya tsaya kai da fata cewa bai gusa ba. Da aka matsa masa ya yarda kullum da rana yana zuwa cin abinci, ya kan yi kamar awa guda.

Mai Sawu ya hana kowa shiga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya tsuguna da ƙyar ya kwantar da kai don haske ya bugi ƙurar ta gefe. Sawun takalman tsere ne ko'ina, masu ƙarfe a tafi. Ƙarƙashin ƙugiyar da ake rataye keken Shaho akwai sababbi daga cikinsu, manya, sun tsaya sun juya. Koci na gani ya ce a duk ƙungiyar mutum ɗaya ne mai wannan ƙafar.

Aka kirawo Dogo. Tun jiya bai fita daga gida ba, don an jefi tagarsu da dutse. Da farko ya ce bai shiga ɗakin ba. Da aka nuna masa sawunsa sai ya ce ya shiga ana gobe tsere, ya sauke keken ya ƙirga haƙoran giyarsa don ya san da me zai kara, ya mayar. Ya kuma yarda sun yi cacar baki a makon, har ya ce wa Shaho gangaren nan zai gyara masa zama. Koci ya dafe kai. Maigadi ya fara matsawa wajen ƙofa kamar zai je ya ba da labari.

"Tsuguna nan," Mai Sawu ya ce da Dogo. "Kamar za ka duba ƙasan keke."

Ya tsuguna.

"Tashi."

Ya miƙe zumbur, hannunsa bai taɓa komai ba.

"Da kai ne za ka yi aiki a ƙasan keke, yaya za ka yi da shi?"

"In kife shi, Baba. Ko in ɗora shi kan ƙarfen gyara, ga shi can."

Mai Sawu ya sallame shi, ya ce ya koma gida ya rufe ƙofa. Da suka rage su biyu ya nuna wa Koci abin da ya gani a ɗan nesa da ƙugiyar. Wani wuri ne mai kusurwa huɗu da ƙura ta kwanta lumui, alamar an shimfiɗa wani abu. Ga wani kwali a jingine bayan ƙofa, da tabon feda a jikinsa. Gefen wurin akwai shaidar gwiwa ɗaya da tafin silifa wanda dunduniyarsa ta cinye ta waje. A jikin bango, daidai ƙugu, yatsu huɗu sun bar maiƙo. Ya ce mai wannan aikin ba ɗan tsere ba ne, bai san ana kife keke ba, kwantar da shi ya yi. Ba yaro ba ne, sai da ya dafa bango ya tashi. Abin da ya fi damun sa shi ne kwalin.

"Wanda ya zo kashe mutum, ina ruwansa da fentin keke ya kuje?"

Sannan Mai Sawu ya tambayi Koci wa ya yanka wa ƙungiya makullin maigadi. Koci ya buɗe baki zai faɗa, sai ya rufe, ya dubi dattijon. Mai Sawu ya ce ya riƙe a cikinsa tukuna.

A asibiti aka ce Shaho bai farfaɗo ba. Mahaifinsa na zaune a kan benci a baranda, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi. Suka gaisa, Mai Sawu ya yi masa jaje. Mutumin ya tambaya ko gaskiya ne tsohuwar waya Bakanike ya sa a birkin. Yadda ya yi tambayar, kamar yana roƙon a ce masa e. Mai Sawu ya ce ana dubawa. Da zai tafi mutumin ya tashi raka shi, ya dafa bango kafin ya miƙe.

Bai ga uwar a asibiti ba, sai ya bi ta gidan. Ya same ta kwance a falo an jingina ta da matasai, ƙanwarta na yi mata fifita. Ya san ta mace mai jiki, yanzu zobenta da zare aka ɗaure shi don kada ya zame. Ta sa ƙanwar ta ba su wuri. Ta ce ba faɗuwar yaron ce ta kwantar da ita ba, ciwo ne a cikinta, likita ya gaya musu tun wata uku cewa abin ya wuce aiki. Ta hana a gaya wa Shaho, tana ce masa ciwon ƙafa ne da rashin cin abinci. Ta san in ya ji ba zai tafi ba, kuma tun yana ɗan shekara tara ba shi da wani buri sai wannan. Babansa ya yi ta roƙon ta a gaya wa yaron, har kuka ya yi mata, ya ce yaron zai dawo ya tarar ba ta, ba zai yafe musu ba. Ta sa shi ya rantse ba zai faɗa ba.

"Ya kuwa riƙe rantsuwar," ta ce. "Mutum ne mai riƙe magana."

Mai Sawu ya yi mata addu'a ya fito. Ya bi ta bakin kasuwa, inda rumfar mahaifin Shaho take tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fitilu. A rufe take. A saman ƙofa an zana babban makulli da fenti. Ya sa yatsa ya shafi dokin ƙofar, ya ɗago. Ya buɗe hankicin ya ajiye yatsan kusa da tabon. Garin iri ɗaya ne.

Ya daɗe a tsaye a wurin har mai agogo ya tambaye shi ko makulli zai yanka. Ya ce a'a.

Da ya koma gida matarsa ta tambaya ko ya gano. Ya ce ƙanenta zai fito gobe. Ta ce to me ya sa fuskarsa haka. Ya ce gwiwa ce.

Washegari da safe Sufeto ya tara su a ɗakin ajiyar: Koci, maigadi, Dogo, Bakanike da mahaifin Shaho, wanda aka ce masa ana so ya ga yadda aka yi da keken ɗansa. A waje mutane sun taru a bakin filin, 'yan sanda biyu na tare su. Mai Sawu ya ce shi ba zai zargi kowa ba. Abu ɗaya yake so, Bakanike ya sake sa wa keken wayoyi a gabansu, daidai yadda ya yi ranar.

Aka ɗora keken kan ƙarfen gyara. Wayar giya tana nan lafiya, sai Bakanike ya zura mata robar ya zare ta. Ta birki kuwa tun da ta tsinke ba abin da zai ja masa gora, dole ya tura sabuwar ta ramin hagu a wuyan keken, ya bi ta da maganaɗisu ta waje a hankali, yana kasa kunne yana jin bakinta na karce bututun daga ciki. Ɗakin ya yi tsit, ba a jin komai sai wannan karcen. Sau biyu tana maƙalewa yana janyewa. A na uku ta leƙo ta wurin murfin, ya kamo ta da filaya. Sannan ya tura ta giya ta ramin dama.

Mai Sawu ya ce ya gaya musu wacce ce wacce. Bakanike ya nuna sama ya ce ta hagu birki, ta dama giya. Mai Sawu ya ce a ƙasa fa. Bakanike ya juyo da keken yadda kowa zai ga cikin ramin, ya ce a ƙasa sun sauya wuri. Shi haka yake yi, yana gicciya su a cikin bututun don kada su riƙa gugar wuyan keken in an juya hannu. Wadda ta shiga ta hagu, ta dama take fitowa. Ya matse birki, wayar da ke dama ta motsa.

"A'a," in ji mahaifin Shaho.

Duk suka juya.

"Ta dama ta giya ce. Kai ka gaya mini. Na tambaye ka sau biyu."

"A sama, Baba," Bakanike ya ce a hankali. "Ka tafi kafin in zura su."

Mutumin ya matso ya sa hannu ya matse birkin da kansa. Wayar ta motsa. Ya saki ya sake matsewa. Sai ya zame ya zauna a ƙasa.

Ba wanda ya tambaye shi, shi ya yi ta magana yana kallon siminti. Shi ya yanka wa ƙungiyar makulli bara, kuma duk makullin da ya taɓa yankawa yana iya sake shi daga ka. Ya jira maigadi ya tafi cin abinci, sannan ya shiga ya ci wayar dama da magagarinsa. So yake giyar ta tsinke a hawan dutse, inda ake tafiya a hankali, yaron ya zo na biyu ko na uku, ya yi fushi na mako guda, ya zauna kusa da uwarsa. Da ya ji an ce birki ne ya tsinke, ya ɗauka wani abu ne dabam ya faru, ya yi ta gaya wa kansa laifin mai gyara ne. Kwana biyu yana zaune a asibiti yana jin haushin Bakanike da gaske.

"Da an ƙone shagonsa fa, Malam?" Mai Sawu ya tambaya. "Da shi a ciki?"



Sufeto ya fita ya gaya wa mutane Bakanike da Dogo ba su da hannu, kowa ya watse. Ba su watse ba sai da suka ga wanda aka fito da shi ta ƙofar baya. Babu wanda ya yi jifa. Tsayawa kawai suka yi suna kallo har motar ta fice.

Shaho ya farfaɗo a kwana na biyar. Mai Sawu ya roƙi Sufeto a bar uban ya faɗa masa da bakinsa, aka kai shi da ɗan sanda a bayansa. Ya shiga ya ja ƙofa. Ba su fi minti goma ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke kusa ta ce ba ta ji muryar yaron ba sai sau ɗaya, yana tambayar wata nawa likita ya ce.

Shaho ya ƙi shigar da ƙara, ya ce shi ba abin da zai faɗa wa alƙali. Bayan mako biyu aka saki uban. Dogo ya tafi horon. Bakanike ya buɗe shagonsa, waɗanda suka tsaya masa a ƙofa suka riƙa kawo kekunansu ba sa haɗa ido da shi. Likita ya ce Shaho zai yi tafiya, amma ƙafar za ta gajarta, maganar tsere ta ƙare.

Da aka sallame shi ya sa aka kai gadonsa ɗakin uwarsa. Ita ba ta iya tashi, shi ma ba ya iya tashi, sai su wuni suna hira daga gado zuwa gado, ƙanwarta na kai da kawo a tsakaninsu. An ɓoye mata wanda ya taɓa keken, amma ba ta taɓa tambayar dalilin da ya sa mijinta ya koma kwana a rumfa ba. Kullum da safe yakan zo ya tsaya a bakin taga ya gaishe ta, ta amsa. Sai ya ce da ɗansa, "Ya jikin naka?" Shaho ya juya fuska bango.

Ta rasu bayan mako bakwai, da rana tsaka, hannunta cikin na ɗanta. Mai Sawu ya je gaisuwa a kwana na uku. Ya tarar da uban zaune a ƙofar gida cikin mutane, ɗan kuma a ɗaya gefen da sandunansa a jingine. Duk wanda ya zo sai ya yi gaisuwa sau biyu, don tabarmarsu ba ɗaya ba ce.